Salon kai hari a ƙwallon hannu: wanne ya fi zura ƙwallo a raga?

A wasan ƙwallon hannu na ƙwararru, kowace ƙungiya takan samu damar kai hari kamar sau 50 zuwa 60 a cikin minti 60. Yadda ta sarrafa waɗannan damammaki shi ke raba mai nasara da wanda aka lallasa. Shi ya sa masu horarwa a Jamus da Faransa da Sifaniya da Denmak, inda wasan ya fi ƙarfi, suka daɗe suna ja-in-ja a kan hanyar da ta fi kai ƙwallo cikin raga. Wasu sun yi imani da harbi daga nesa, wasu da wasa da ɗan layi, wasu da gudu tun kafin masu tsaro su daidaita, wasu da kutsawa ɗaya da ɗaya, wasu kuma da cire mai tsaron gida a ƙara mutum na bakwai.

Sakamakon manyan wasannin ƙarshe ya nuna irin nisan da aka yi. A gasar duniya ta 1961 Romaniya ta doke Cekoslobakiya da ci 9 da 8, kuma sai da aka yi ƙarin lokaci. A 1978 Jamus ta Yamma ta yi nasara a kan Tarayyar Sobiyet da ci 20 da 19. A gasar Olamfik ta 2024 kuwa, Denmak ta casa Jamus da ci 39 da 26. Girman raga bai sauya ba a tsawon waɗannan shekaru. Dokoki ne suka sauya, sannan tunanin masu horarwa game da inda ya kamata a saki ƙwallo ya sauya tare da su.

Fili da rabon aiki

Filin wasan tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20. Raga kuma faɗinta mita 3, tsayinta mita 2. A gaban kowace raga akwai da'irar mita 6 wadda ba mai taka cikinta sai mai tsaron gida, amma an yarda mai hari ya yi tsalle ta samanta muddin ya saki ƙwallo kafin ya dira. Bayan wannan da'ira akwai layin mita 9 mai ɗigo-ɗigo. Ɗan wasa ba ya wuce taku uku da ƙwallo a hannu, kuma ba ya riƙe ta fiye da daƙiƙa uku.

Kowane ɓangare yana da mutum bakwai: mai tsaron gida da 'yan fili shida. Tsarin da aka saba gani wajen hari shi ne maharba uku a bayan layin mita 9, wato na hagu da na dama da mai tsara wasa a tsakiya, sai 'yan gefe biyu a kusurwoyi, sai ɗan layi wanda ke cusa kansa cikin masu tsaro a bakin da'irar mita 6, ya juya wa raga baya. A ɓangaren dama bahagwai ake nema, domin hannun hagu ne ke fuskantar tsakiyar raga daga can. Canji ba shi da iyaka kuma ba a tsayar da wasa dominsa, abin da ya ba ƙungiyoyi damar ware gwanayen hari da gwanayen tsaro.

Babu agogon da ke ƙayyade tsawon hari. Idan alƙalan wasa suka ga ƙungiya na jan ƙafa, sai su ɗaga hannu a matsayin gargaɗi. Daga 2016 an ba ƙungiya fasin shida bayan gargaɗin kafin ta harba, a 2022 kuma aka rage zuwa huɗu.

Yadda ake auna inganci

Yawan ƙwallayen da aka ci shi kaɗai ba ya faɗin gaskiyar salo, domin ƙungiya mai gudu takan samu hare-hare da yawa, haka ma abokiyar karawarta. Ma'auni biyu masana suka fi amfani da su. Na farko shi ne kaso nawa na harbi ya shiga raga. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kaso nawa na hare-hare ya ƙare da ci, domin shi ne ke lissafa ƙwallayen da aka zubar tun kafin a kai ga harbi, ta hanyar fasin da ya ɓace, ko taku huɗu, ko taka da'ira, ko bangazar mai tsaro.

A ɗauki misalin ƙungiyoyi biyu da kowacce ta kai hari sau 50. Ta farko ta harba sau 40 ta ci 28, wato kashi 70 cikin 100 na harbinta ya shiga. Ta biyu ta harba sau 46 ta ci 30, wato kashi 65 cikin 100. A ma'aunin harbi ta farko ce gaba, amma ta biyu ce ta ci wasa, saboda sau huɗu kacal ta zubar da ƙwallo, ta farko kuwa sau goma.

Abu na uku shi ne wurin da aka saki ƙwallo. A manyan gasanni, jifan mita 7, wanda ke matsayin fenariti, yakan shiga kamar sau uku cikin huɗu. Harbin wanda ya tsere shi kaɗai da mai tsaron gida da na wanda ya kutsa har bakin mita 6 suna kusa da haka. Harbin 'yan gefe yana ƙasa da su saboda ƙuncin kusurwa. Harbi daga bayan mita 9 kuwa, a mafi yawan lokuta, ƙasa da rabinsa ne ke shiga. Tun 2019 gasar Bundesliga ta Jamus take amfani da na'urorin da ke bin diddigin motsin 'yan wasa da na ƙwallo, don haka masu horarwa ke ganin wannan bambanci ƙarara bayan kowane wasa.

Harbi daga nesa

Wannan shi ne salon da ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, musamman a Tarayyar Sobiyet, wadda ta ci zinaren Olamfik a 1976 da 1988, da Jamus ta Gabas wadda ta ci na 1980. Akan nemi dogayen maharba masu ƙarfin dantse, sauran 'yan wasa su share musu hanya, su kuma su tashi sama su harba ta kan katangar masu tsaro. Yoon Kyung-shin na Koriya ta Kudu, bahago mai tsawon fiye da mita 2, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Bundesliga har sau bakwai da irin wannan harbi. Mikkel Hansen na Denmak, gwarzon ɗan wasan duniya a 2011 da 2015 da 2018, shi ma ya yi suna a nan.

Amfanin salon a fili yake. Ba ya buƙatar fasin da yawa, saboda haka zubar da ƙwallo kaɗan ne. Idan alƙali ya ɗaga hannun gargaɗi, maharbin nesa ne mafita. Uwa uba, tsoronsa ke tilasta masu tsaro su baro layin mita 6 su taho tarbarsa, su bar sarari a bayansu.

Rauninsa kuwa yana cikin haɗin bakin katanga da mai tsaron gida. Masu tsaro biyu na tsakiya sukan ɗaga hannuwa su rufe kusurwa ɗaya ta raga, mai tsaron gida ya jira ƙwallo a ɗaya kusurwar. Idan ya tare ta, tana hannunsa ko kusa da shi, 'yan gefensa kuma sun riga sun ruga. Harbin nesa da bai shiga ba sau da yawa yakan zama ci a ɗaya ragar cikin 'yan daƙiƙu.

Gicciye da wasan ɗan layi

Yugoslabiya, wadda ta ci zinaren Olamfik a 1972 da 1984 da kofin duniya a 1986, ta fito da wata hanya dabam: rikita masu tsaro da motsi. Ƙungiyar Metaloplastika ta garin Šabac, inda Veselin Vujović ya yi wasa, ta ci kofin Turai a 1985 da 1986 da wannan salo. Ginshiƙinsa gicciye ne. Mai tsara wasa ya nufi gefen hagu da ƙwallo yana jan mai gadinsa, maharbin hagu ya zagayo ta bayansa a guje ya karɓa. A wannan ɗan lokaci dole masu tsaro biyu su yanke shawarar ko su yi musayar mutanen da suke gadi ko kowa ya bi nasa. Jinkirin rabin daƙiƙa ya isa a samu ƙofa.

Masu horarwa na Sifaniya sun ɗora a kan wannan, suka mai da ɗan layi cibiyar hari. Dabarar tasu ita ce mutum biyu su fuskanci mutum biyu. Ɗan layi ya kafa ƙafafunsa a gefen mai tsaro, ya tare masa hanya da ƙirji ko baya, maharbi ya bi ta wannan gefe da ƙwallo. Mai tsaro na biyu ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya fito tarbar maharbi, ƙwallo za ta bi ta ƙasa ko ta gefen kunnensa ta isa hannun ɗan layi, wanda zai juya ya faɗa cikin da'ira yana harbi. Idan ya tsaya gadin ɗan layi, maharbi zai harba daga mita 7 ko 8 babu katanga. Wani lokaci ɗan gefe ko maharbi yakan shigo ya zama ɗan layi na biyu, don a raba katangar gida uku.

Mai horarwa Talant Dujshebaev ya ci kofin Zakarun Turai da Ciudad Real ta Sifaniya a 2006 da 2008 da 2009, sannan da Kielce ta Polan a 2016, inda Julen Aguinagalde ke tsaye a layi. Sifaniya ta ci kofin duniya a 2005 da 2013, da na Turai a 2018 da 2020. Wannan makaranta ta kai har Afirka: a ƙarƙashin ɗan Sifaniya Roberto García Parrondo, Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik na Tokyo a 2021.

Salon yana kai ƙwallo wurin da ta fi shiga, kuma yana jawo jifan mita 7 da dakatarwar minti 2, wato fitar da mai laifi daga fili na ɗan lokaci, a kan abokan hamayya. Rauninsa shi ne kasada. Fasin zuwa ga ɗan layi yana ratsa hannuwa da yawa, kuma yana buƙatar 'yan wasan da suka daɗe tare har kowa ya san nufin ɗan'uwansa ba tare da kallo ba.

Gudu kafin katanga ta tsayu

Hari mafi sauƙi shi ne wanda aka kai kafin masu tsaro su koma wurarensu. Akan kasa shi zango-zango. Zangon farko shi ne doguwar jifa daga mai tsaron gida zuwa ɗan gefen da ya tsere. Na biyu shi ne sauran 'yan wasa su taho da ƙwallo da gajerun fasin yayin da masu tsaro ke ja da baya a hargitse. Na uku shi ne ci gaba da matsi ba tare da tsayawa ba, musamman idan abokan hamayya na ƙoƙarin shigo da gwanayen tsaronsu daga benci.

Matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren Olamfik a 1988 da 1992 da sauri, duk da cewa abokan karawarsu na Turai sun fi su jiki. Matan Norwe sun gina shekarunsu na nasara a kan ƙwararrun masu tsaron gida da gudu, inda suka ci zinare a 2008 da 2012 a kan wannan tafarki, suka sake ci a 2024 bayan doke Faransa da ci 29 da 21.

Gyare-gyaren doka na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sun buɗe wata sabuwar ƙofa. A da, bayan an ci ƙwallo sai an jira waɗanda suka ci sun koma rabinsu kafin a tashi wasa daga tsakiya. Da aka janye wannan sharaɗi, sai ya zamana ƙungiyar da aka ci tana iya ramawa yayin da abokan hamayya ke murna. TBV Lemgo a ƙarƙashin Volker Mudrow ta ci Bundesliga a 2003 da wannan dabara, da maki 62 daga cikin 68. A 2022 hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, ta ƙara zana da'ira mai faɗin mita 4 a tsakiyar fili, aka yarda a tashi wasa daga cikinta a guje.

A ma'aunin harbi, babu salon da ya fi wannan. Amma gudu ba ya tsayawa da ƙafarsa, domin sai tsaro ya ƙwace ƙwallo ko mai tsaron gida ya tare kafin a samu zangon farko. Yana kuma cin ƙarfi ƙwarai, saboda haka sai ƙungiyar da bencinta ke cike da 'yan wasa masu inganci za ta iya riƙe shi minti 60.

Kutsawa ɗaya da ɗaya

Salon da ya fi tashe a wannan zamani ya samo asali ne daga lissafin wurin harbi. Tunda harbin mita 6 ya fi na mita 9 shiga nesa ba kusa ba, wasu masu horarwa suka zaɓi su rage harbin nesa, su dogara da maharba masu zafin nama ko da ba dogaye ba ne. SC Magdeburg a ƙarƙashin Bennet Wiegert ita ce babban misali. Ta ci Bundesliga a 2022 da 2024, ta ci kofin Zakarun Turai a 2023 da 2025, da 'yan wasa irin su Gísli Kristjánsson da Ómar Ingi Magnússon na Aislan.

Ga yadda abin ke gudana. 'Yan gefe su lafe a kusurwoyi don su buɗa katanga, ɗan layi ya ja masu tsaro biyu zuwa gefe guda, a bar maharbi da mai gadinsa a sarari mai faɗi. Ya karɓi ƙwallo yana cikin gudu, ya dira da ƙafa biyu a gaban mai tsaro, ya karkata kamar zai bi hagu, ya fizge zuwa dama. Abu uku ne ke iya biyo baya. Ko ya wuce ya harba daga mita 6, ko a riƙe shi ta baya a ba da jifan mita 7, watakila har da dakatarwar minti 2, ko maƙwabcin mai tsaron ya kawo ɗauki, shi kuma ya miƙa wa abokinsa da aka bari. Idan aka tsayar da shi da ƙaramin laifi, ƙwallo tana nan a hannun ƙungiyarsa, sai a sake.

Denmak a ƙarƙashin Nikolaj Jacobsen ta haɗa wannan da gudu, ta ci kofin duniya sau huɗu a jere, a 2019 da 2021 da 2023 da 2025, abin da wata ƙasa ba ta taɓa yi ba a gasar maza. Mathias Gidsel, bahagon da ke gefen damanta, shi ne gwarzon ɗan wasan duniya a 2023 da 2024, kuma ya taimaka wa Füchse Berlin ta ci Bundesliga karo na farko a 2025.

Salon ya haɗa alheri biyu, wato harbi daga kusa da ƙarancin fasin mai haɗari. Sai dai jiki ne ke biya. Mai kutsawa yana shan karo sau da dama a kowane wasa, kafaɗa da gwiwa kuma su ke ɗaukar nauyin. Kristjánsson ya goce kafaɗa a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai a 2023, ya dawo washegari ya buga na ƙarshe, inda Magdeburg ta doke Kielce da ci 30 da 29 bayan ƙarin lokaci. Ban da haka, 'yan wasan da ke iya yanke gwanin tsaro a kai a kai ba su da yawa, kuma suna da tsada.

Bakwai a kan shida

Tun da daɗewa an yarda a cire mai tsaron gida a saka ɗan fili, amma sai ya sa riga mai launin ta mai tsaron gida, kuma shi kaɗai ke iya komawa benci a yi canji. Mai horarwa Rolf Brack na cikin waɗanda suka fara gwada wannan a Jamus. A 2016 aka soke sharaɗin rigar, kowa na iya fita mai tsaron gida ya dawo. Daga nan ƙungiyoyi suka fara kai hari da mutum bakwai, galibi da 'yan layi biyu, suna barin ragarsu wayam.

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ƙananan ƙasashe ne suka fi cin moriyar wannan doka. Masadoniya a ƙarƙashin Lino Červar ta yi amfani da ita sosai a gasar duniya ta 2017. Fotugal ta Paulo Pereira ta doke Faransa da ci 28 da 25 a gasar Turai ta 2020, ta ƙare a matsayi na shida. Tsibiran Faro, waɗanda mutanensu ba su kai 60,000 ba, sun yi canjaras 26 da 26 da Norwe a gasar Turai ta 2024.

Da mutum bakwai ba sai an yanke kowa ba. 'Yan layi biyu sun ɗaure masu tsaro, mai tsara wasa ya duba inda aka bar mutum ɗaya, ya aika ƙwallo can. Salon yana rage gudun wasa, yana hutar da 'yan wasa, yana kuma tilasta masu tsaro su koma bakin mita 6. Haɗarinsa shi ne kowace ƙwallon da aka zubar tana iya zama ci daga nisan mita 30 ko fiye, har daga hannun mai tsaron gidan abokan hamayya. Manyan masu horarwa da dama sun soki dokar, suna ganin ta rage motsi da fasahar mutum ɗaya. Inda kowa ya amince da ita shi ne lokacin dakatarwar minti 2: kusan kowace ƙungiya yanzu tana cire mai tsaron gida don ta kai hari shida da shida maimakon biyar da shida.

Tsaron da aka tarar

Ba a yanke wa salo hukunci sai an dubi katangar da ya fuskanta. Tsarin 6:0, inda duka shida ke jere a bakin da'ira, shi ne Suwidin ta Bengt Johansson ta yi suna da shi lokacin da ta ci kofin duniya a 1990 da 1999. Yana toshe ɗan layi da masu kutsawa, amma yana ba maharbin nesa sarari. Tsarin 5:1 yana tura mutum ɗaya gaba ya hana mai tsara wasa sakat, aikin da Jackson Richardson na Faransa ya ƙware a kai. Maganinsa shi ne ƙara ɗan layi na biyu. Tsarin 3:2:1 na Yugoslabiya yana korar maharba nesa da raga, amma yana barin manyan ƙofofi ga masu kutsawa da masu shigowa layi ba tare da ƙwallo ba. Bakwai a kan shida kuwa ya zama makamin da ake rusa duk wani tsaro mai fitowa gaba.

Abin da kwatancin ya nuna

Idan aka jera su bisa yawan shigar harbi, gudu ne kan gaba, sai kutsawa da wasan ɗan layi, harbin nesa na ƙarshe. Idan aka duba zubar da ƙwallo, harbin nesa da kutsawa sun fi aminci, wasan ɗan layi da gudu sun fi kasada, bakwai a kan shida kuma shi ne wanda kuskurensa ya fi tsada. Haɗin gudu da kutsawa shi ne ya fi cika ma'aunan biyu a lokaci guda, kuma shi ya sa kofunan shekarun baya-bayan nan suka karkata ga Denmak da Magdeburg.

Duk da haka, ƙungiyar da ba ta da maharbin nesa ko ɗaya takan tarar da katanga ta lafe a mita 6 ta rufe kowace ƙofa. Faransa ta Claude Onesta, wadda ta riƙe zinaren Olamfik na 2008 da kofin duniya na 2009 da na Turai na 2010 a lokaci guda, ta yi ƙarfi ne saboda tana da komai: Nikola Karabatić mai harbi da kutsawa, Bertrand Gille a layi, Luc Abalo a gefe, da Thierry Omeyer a raga yana tayar da gudu. Saboda haka mai horarwa yakan zaɓi babban salonsa bisa 'yan wasan da ke hannunsa da zurfin bencinsa, sannan ya tanadi na biyu da na uku don ranar da abokan hamayya suka toshe na farko.